Inna za ta sayar da gwal ɗinta don in yi kwas, in karɓa?

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce mai shekara 25, a cikin garin Sakkwato nake. Bayoloji na karanta a jami'a, bara na gama bautar ƙasa. A unguwarmu akwai mata da yawa da 'yan bindiga suka koro daga gabashin jihar, wasunsu an kashe mazansu an bar su da marayu, daga mai bara sai mai wankau. Ni kuma kowace shekara ina ganin yadda albasa ke faɗuwa warwas a kasuwa idan kakarta ta yi, har ta riƙa ruɓewa. Shi ne na yi tunanin in riƙa sayenta da araha, matan nan su yanka, a busar, a niƙa, a ƙulla a sayar, su samu abin yi ni ma in samu. Matsalar ita ce ko ashana ban taɓa sayarwa ba. Na ga wani kwas a intanet na wata 6, na horar da masu kasuwancin taimakon al'umma, naira dubu 480, sun ce za su ba da satifiket na ƙasar waje kuma su haɗa mutum da masu ba da tallafi. Dubu 200 kawai na tara daga alawus. Inna ta ce za ta sayar da 'yan kunnenta na gwal ta cika min ba tare da Baba ya sani ba. Shi Baba ya samo min koyarwa a wata makarantar kuɗi, ya ce bai biya kuɗin jami'a don in zama 'yar tallan albasa ba. Yayana kuma cewa ya yi kwas ɗin damfara ce, soshiyal midiya ce ta ruɗe ni. Anti, ina jin idan ban samu horo ba zan lalata abin, idan kuma na tsaya jira burin zai mutu. Me zan yi?

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah Ya yi miki albarka da wannan zuciya taki. Mutane da yawa suna wuce matan nan kullum, iyakarsu su miƙa naira ɗari su ce Allah Ya kyauta, ke kuwa kin tsaya kina tunanin yadda za su ci guminsu. Kada maganar kowa ta sa ki ji kunyar hakan.

Amma gwal ɗin Inna, kada ki karɓa. Ki gode mata, ki yi mata addu'a, ki ce ta adana abinta. Ke ma kin san abin da gwal yake a wurin uwa: shi ne abin da take tanadi don ranar asibiti ko ranar kayan ɗakinki. Kuma ɓoye wa Baba da za a yi ya fi sayarwar kanta haɗari. Ranar da ya gano, kuma zai gano, ba ke kaɗai za ki shiga uku ba, Inna ce za ta sha tambaya a ɗakin aurenta saboda ke, sana'ar kuma ta zama abin da ba a son jin sunansa a gidan tun ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Shi kwas ɗin ban gan shi ba, don haka ba zan yanke masa hukuncin damfara kamar yadda Yaya ya yi ba. Mu ɗauka ma na gaskiya ne. Ki yi lissafin da kanki: bayan wata 6 kina da takarda a hannu, asusunki babu ko sisi, kunnen Inna babu komai, ba ki sayi ko buhu ɗaya ba, kuma kakar albasa ta wuce sai wata shekara. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne alkawarin haɗa ki da masu tallafi, domin masu tallafin da aka sani ba sa ajiye dillalai. Gidauniyar Tony Elumelu tun 2015 take zaɓen matasan Afirka ta horar da su ta intanet, ta ba waɗanda suka yi nasara dala 5,000 na jari wanda ba bashi ba ne. A ranar 1 ga Janairu ta saba buɗe shafin neman shiga, kuma ba a biyan ko kwabo. Ƙungiyar LEAP Africa da Ndidi Nwuneli ta kafa a 2002 tana da shiri na musamman ga matasa masu irin wannan aiki naki. Abin da suke son ji daga mai nema shi ne me kika fara, wa ya saya, nawa kika kashe, nawa ya dawo. Wadda ta sayar da ƙulli 50 ta rubuta lissafinsu ta fi mai satifiket mai tambarin zinare abin faɗa a wurinsu. Idan har ranki yana kan kwas ɗin, ki nemi su ba ki lambobin mutum 3 a Arewa da suka gama, ki kira su ki ji me suke yi yanzu, ki tambayi wace jami'a ce ta sa hannu a takardar sannan ki rubuta wa jami'ar da kanki. Yadda za su karɓi waɗannan tambayoyin zai gaya miki komai.

Kin yi gaskiya da kika ce kina buƙatar horo, har ma fiye da yadda kike zato. Sai dai mafi nauyinsa ba a waya yake ba, yana nan cikin garinku, kuma kuɗin Keke Napep ne kuɗin makarantar.

Ki fara da albasar kanta. A matsayinki na wadda ta karanta bayoloji kin san kusan kashi 9 cikin 10 na ɗanyar albasa ruwa ne. Ma'ana idan kika yanka kilo 10, abin da zai rage bayan bushewa bai wuce kilo 1 ba, ko ya ɗan ɗara, ban da ɓawo da ruɓaɓɓiyar da za a zubar. To ki ɗora kuɗin buhu, da ɗan dako, da mota, da ladan masu yanka, da niƙa, da leda, ki ga nawa ƙulli ɗaya zai tsaya miki. Daga nan sai tambayar da ta fi kowace wuya: wa zai saya? Uwargida a Mabera ko Runjin Sambo da za ta aiki yaro bakin titi ya sayo mata ɗanya ta ɗari biyu, me zai sa ta sayi gari? Wataƙila a watannin ƙarshen shekara da albasa ke tsada ta waiwaye ki. Amma ni a ganina masu sayenki na farko su ne masu haɗa yaji, masu kilishi da tsire, gidajen abinci, da masu sayar da kayan ƙamshin girki a Abuja da Legas. Kafin ki sayi wuƙa ko ɗaya, ki zagaya wajen irin waɗannan mutane da ɗan samfuri da kika busar a gida, ki ce su gwada, ki tambaye su nawa za su biya. Kada ki tsaya kan “wallahi ya yi kyau”, kowa zai faɗa miki haka don kunya. Wanda ya ce kawo min kilo 2 ranar Laraba, shi ne ya ba ki amsa.

Ga kuma abubuwan da sai hannu ya taɓa ake sani. Garin albasa yana jan danshi, da zarar damina ta sauka sai ya dunƙule ya zama dutse idan ledar ba ta liƙu da kyau ba. Shanya a fili tana kwasar ƙura da ƙuda. Idan zafi ya yi yawa sai ta yi duhu ta canja ɗanɗano, idan yankan ya yi kauri sai waje ya bushe ciki ya yi fumfuna. Sa'ar da kika yi ita ce a Jami'ar Usmanu Danfodiyo akwai cibiyar binciken makamashi ta Sakkwato, wadda ta daɗe tana aiki a kan na'urorin busar da kaya da hasken rana. Ki shirya ki je ki gabatar da kanki, ki nemi a nuna miki irin wadda kafinta da mai walda za su iya haɗawa. Hukumar binciken adana amfanin gona ta ƙasa, NSPRI, mai hedikwata a Ilorin da ofis a Kano, ita ma wannan ne aikinta. Malaman sashen aikin gona kuma ba sa korar ɗalibin da ya zo da tambaya mai ma'ana.

Sannan kasuwa. Ki roƙi Baba, ko kawunki, ya haɗa ki da wani dattijo amintacce cikin 'yan albasa a Ramin Kura, ki riƙa zuwa ranakun da ba aiki kina zama kina kallo. A nan za ki koyi yadda ake gane wadda wuyanta ya bushe da wadda aka cire da ruwa a jikinta, yadda ake ɗora manya a bakin buhu a cusa ƙanana a ƙasa, la'adar dillali, bambancin kayan Goronyo da na Wurno ko na Aleiro, da dalilin da ya sa mai rudu, wato rumbun ajiye albasa, yake jure wa asarar wani kaso don ya kai lokacin tsada. Babu malamin intanet da zai koya miki wannan.

Lissafi da tsarin kasuwanci su ne ɓangaren da karatu ke da amfani sosai, kuma akwai shi kyauta ko da araha. Acumen Academy tana da kwasa-kwasai na kyauta a intanet a kan ainihin wannan fanni, na yadda ake haɗa riba da amfanin jama'a. SMEDAN, hukumar ƙananan masana'antu, tana shirya horo lokaci zuwa lokaci, ki riƙa leƙa ofishinsu. Ki zaɓi guda ɗaya ki gama shi, kada ki zama mai tara satifiket. Amma darasin da ya fi duka shi ne littafi mai layi na ɗari biyar: shafin hagu abin da ya fita, na dama abin da ya shigo, kullum, har kuɗin ruwan leda. Ki rubuta ladan wahalarki ke ma a ciki. Masu irin zuciyarki a nan suke faɗuwa, sai su ji nauyin cin riba, su sayar a ƙasa da abin da suka kashe, su yafe bashi, shekara ɗaya jari ya narke. Ranar da jari ya ƙare, matan da kike tausayi su ne farkon waɗanda za su koma bara.

Su matan kuma, kin tambaye su? A wasiƙarki na ga kin tsara musu komai, ban ga inda kika zauna da su ba. Waɗannan matan karkara ne, da yawansu a fadama suka tashi. Sun san kauɗar tumatir, sun san gabu, sun fi ki sanin yadda ake shanya nesa ba kusa ba. Mai yiwuwa wata ta ce miki ita gabun ta fi ganin kasuwarsa, wata ta ce ba ta da inda za ta bar yara, wata kuma burinta ta koma garinsu da zarar an samu lafiya. Ki saurara kafin ki yanke. Kuma ki kiyayi alkawari. Mutumin da aka raba da gidansa ya sha jin “za a kawo muku”, ya sha rubuta suna a takarda ba a dawo ba. Kada ki tara mata 30 ki ce za ki ba su aiki. Ki ɗauki 3 ko 4, ki ce gwaji ne na mako kaza, ga ladan kowace rana, kuma ki biya a ranar kafin gumi ya bushe. Hotunansu ma kada ki watsa a Facebook don neman tausayi sai da yardarsu.

A wannan fannin ba sai kin ƙetara teku neman abin koyi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta ce sai ta kai ga kowace mace da kanta ba. Ta zaɓi dattawan mata amintattu, jajis, ta karantar da su, ta naɗa musu malafa, su kuma suka koma ƙauyukansu suna jagorantar mata ɗalibai da ake kira 'Yan Taru. Ki nemi jajinki a cikin matan nan, wadda suke jin maganarta. Ita za ta riƙe miki aikin lokacin da kike aji, kuma za ta faɗa miki abin da sauran ke jin nauyin faɗa wa 'yar boko. A zamaninmu kuma ga marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa da ya fito daga gidan maginan tukwane. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan gwari suka riƙa kwana da kwanaki ba su lalace ba, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Sana'ar gidansu da karatunsa ya haɗa, kyautar daga baya ta biyo. (Kada dai ki sa albasa a irin wannan tukunya, ita iska da bushewa take so.)

Yanzu Baba. Na san maganarsa ta yi miki zafi, amma ki duba abin da ke ƙarƙashinta. Mutum ne da ya yi shekaru yana cire kuɗin rajista daga bakinsa, yana jiran ranar da zai ce ɗiyata tana aiki. Yana kuma da budurwa a gida da ke maganar shiga kasuwa cikin maza da zuwa ƙauyuka a wannan zamani da hanyoyin gabas suka zama abin da suka zama. Tsoro ne ya fito a siffar faɗa. Shawarata ki karɓi koyarwar nan. Ba don kin haƙura da burinki ba. Albashin komai ƙanƙantarsa zai riƙe ki don kada ki ci jarinki, ana tashi da azahar, kuma hutun zango na biyu yakan faɗo kusa da lokacin da albasa ta cika kasuwa rana kuma take kan ganiyarta. Bayan kin fara aikin hankalinsa ya kwanta, sai ki same shi bayan isha'i, ko ki bi ta bakin wanda yake jin nauyi, gwaggo ko amininsa. Kada ki je masa da manyan kalmomin intanet. Ki ce: Baba, na kama aikin da ka samo min. Ina neman izininka in gwada wata 'yar sana'a a cikin gida da kuɗina, kaka ɗaya, ba zan fita gari ba, ba zan ci bashi ba, kuma zan kawo maka littafin ka gani. Uba da wuya ya ƙi abin da aka sa masa iyaka aka kuma nemi albarkarsa a kai. Idan ya ce a'a a karon farko, kada ki yi gardama, ki bar maganar ta kwana biyu, ki ci gaba da karatunki da gwajin faranti ɗaya a bayan ɗaki, wannan ba ya buƙatar taro.

Yaya kuwa, bakinsa ne ya yi kaifi, amma kunnen Inna yake karewa. Maimakon gaba, ki ba shi aiki. Shi zai raka ki kasuwa, shi zai yi cinikin buhu, shi zai kai samfuri wurin masu kilishi. Idan ya sa ƙafarsa a ciki, bakinsa zai koma kare ki a gaban Baba. Inna kuma idan tana son sa hannu, ta ba ki tsakar gida da tirenta da idonta a kan masu aiki. In daga baya sana'a ta nuna alamar tafiya tana son zuba kuɗi, a yi shi a fili da sanin Baba, a rubuta ko rance ne ko haɗin gwiwa da rabon riba, kamar yadda aka umarce mu da rubuta bashi a ƙarshen Suratul Baƙara.

Dubu 200 ɗinki kada ki zuba su gaba ɗaya. Ki ware rabi ki manta da su. Da sauran ki sayi buhu 1 ko 2 idan farashi ya sauka, da sikeli, da abin yanka, da ƙaramin injin liƙe leda, da ragar rufe shanya. Ki sama wa masu yanka wuri mai iska, don yini guda a kan albasa ba wasa ba ne ga ido. Maganar rajista ba ta gaggawa ba ce. Idan lokacinta ya yi, rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta wadatar a farko. Kada wani ya ruɗe ki ki yi rajistar ƙungiyar agaji mai amintattu, domin irin wannan doka ba ta yarda a raba ribarta ba, ke kuma sana'a kike son ginawa. Su matan idan sun yi ƙarfi za su iya zama ƙungiyar gama kai a yi musu rajista a jiha. Lambar NAFDAC kuwa dole ce kafin kaya ya hau kantar manyan shaguna, ki sa ta a lissafin shekara ta biyu.

Zai iya yiwuwa ki gama gwajin lissafi ya nuna garin albasa ba ya fitar da kansa. Idan haka ta faru kin sayi ilimi da dubu 100 maimakon 480, kuma kin san kasuwa, kin san matan, sai ki juya zuwa gabu, ko yaji, ko ajiya a rudu tare da wani manomi. Za ki kuma iya neman aiki na shekara 1 ko 2 a wata ƙungiya ko kamfani da ke hulɗa da manoma, ki koyi yadda ake tafiyar da abu da kuɗin wasu kafin naki. Idan kuma karatu mai zurfi ne yake kiranki, ƙofarsa ba ta rufe ba. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana ɗaukar nauyin digiri na biyu gaba ɗaya, amma sai mai ƙwarewar aiki ta aƙalla shekara 2, koyarwar nan da sana'ar nan su ne za su cika miki wannan sharaɗi. Idan Janairu ta zagayo kuma kina da littafin kaka ɗaya a hannu, ki cike fom ɗin Elumelu da kanki, kada ki biya kowa ya cike miki. Masu nema suna da yawa ƙwarai, in ba a ɗauke ki ba ki sake nema wata shekarar.

Ki ajiye ƙulli 5 daga kayan farko, ki rubuta kwanan wata a jikinsu, ki riƙa buɗe ɗaya kowane wata har ƙarshen damina. Idan Oktoba ta yi ki sake rubuto min, ki gaya min ko sun dunƙule, nawa kilo ɗaya ya tsaya miki, da mutum nawa suka dawo saye karo na biyu. A kan wannan za mu tsara mataki na gaba, in sha Allahu.